Shekara shida babu Kawu Mamman, da ashana ake gwada gas ɗin Inna

Na bugi hannunsa, ashanar ta faɗi ƙasa ta mutu. Yaya Sale, ɗan tsohuwar unguwarmu, ya ɗago ya kalle ni kamar na zagi mahaifinsa. Asabar ɗin da ta wuce ke nan, a ɗakin girkin Innata. Ya kawo mata butel, tukunyar gas ke nan, a bayan moto, ya ɗaura detandar, wato ƙarfen nan da ke rage ƙarfin gas kafin ya shiga tiyo, sannan ya zaro ashana wai zai duba ko yana yoyo. Da wuta! A ɗaki mai taga ɗaya!

"Rakiya, lafiyarki?" in ji shi. "Haka kowa ke yi a nan birnin Waga. In akwai yoyo, 'yar wuta ta kama, sai in hure."

"In ba ta huru ba fa, Yaya?"

Inna ba ta bari ya amsa ba. "Ke, rufe mini baki. Sale sa'anki ne?"

A makon nan Kawu Mamman, ƙanen Inna, ya cika shekara shida da rasuwa. Na yi niyyar rubuta masa abu mai sanyi, irin na addu'a. To ga ni ina danna waya da babban yatsa, raina a ɓace, ku yi haƙuri da abin da ya fito.

Duk wanda ya zauna unguwarmu ta Zangouettin ya san rumfarsa. Da faci ya fara, tayar keke da ta moto, yana tsoma roba cikin kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita. Bawul ɗin taya ma ba ya sakinsa sai ya shafa masa yawu ya tsaya ya gani. Da gas ya fara shiga gidaje, mata suka dinga kawo masa butelinsu, shi kuma ya zo da halinsa na mai faci. Gwangwanin tumatir, ruwa, guntun sabulu, tsohon buroshin haƙori. Ya kaɗa kumfa, ya shafe kan butel, ya shafe inda detandar ya zauna, ya bi tiyo har ƙarshe. Sai ya naɗe hannu ya zauna yana kallo. In kumfa ta fara kumbura, butel ba ya barin rumfar, ko girkin suna ake jira.

Mun yi masa dariya, ni ma a ciki. Mai Kumfa muke ce masa a bayan ido. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai gas yana da wari, hanci ya isa." Ko ɗagowa bai yi ba. "Hancinki na yin mura, 'yata. Sabulu ba ya yi."

Akwai wata Hajiya mai sayar da atamfa, mutumiyar Kano, da ta zo da gaggawa baƙi na jiranta. Kawu ya buɗe ya tarar juwan, 'yar robar da ke toshe tsakanin butel da detandar, ta tsage. Ta ce ya ɗaure da robar taya kawai ta tafi. Ya ƙi. Ta yi faɗa har mutane suka taru, ta ce shi ba komai ba ne sai mai faci. Ya hau kekensa ya tafi kasuwar Sankaryare ya nemo juwan daidai bakin butelin, ya dawo yana zufa, ya sa, ya shafa kumfarsa, ya jira. Ko na gode ba ta ce ba. Bayan wata biyu ita ta turo masa 'ya'yanta mata da nasu butelin.

Ciwon ƙirji ya ɗauke shi kafin hukuma ta turo katafila ta rushe unguwar. Wani lokaci ina cewa Allah ya rufa masa asiri, bai ga an baje rumfar ba. Mu da muka gani aka watsa mu, wasu unguwar Widi wajen dangi, wasu can bayan gari inda aka ba da filaye. Inna na cikin na bayan gari. A Zangouettin a tsakar gida take girki, iska ta ko'ina, maƙwabta goma na jin abin da ke tukunyarta. Yanzu ɗaki ne na siminti, ƙofa a rufe, ita kaɗai.

Me Kawu zai ce in ya ga abin da na gani ranar Asabar? Domin ban tsaya a bugun hannu ba. Na ɗauko sabulun wanke-wanke na kaɗa, na shafa, Yaya Sale na tsaye yana dariya yana cewa, "A bon, to fa, Mai Kumfa ya dawo." Minti ɗaya ba a yi ba kumfa ta tashi kamar ana hura ta. Na kwance detandar. Abin da na gani a wurin juwan, wallahi, guntun silifa ne aka yanka da reza. Silifa ta ƙafa! Ya ce na gaskiyar ya ƙare a wajensa, kuma wannan ya fi kauri. Ya faɗa da zuciya ɗaya, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ba mugu ba ne. Direban babbar mota ne da aiki ya tsaya masa, ya kama kai gas gida-gida, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa.

Na hau moto na je na sayo juwan na gaske na sa. Na ce wa Inna daga yau a canza mai kawo gas. Sai ta ce, "A duk mutanen unguwarmu, Sale kaɗai ke zuwa ya durƙusa ya gaishe ni. Shi ke faɗa mini wa ya haihu, wa ya rasu. In kore shi?" Na ce to ta riƙa gwadawa da kumfa in ya kawo. Ta ce, "In tsare ɗan Hajara da sabulu kamar ban yarda da shi ba? Uwarsa ce ta yi mini wankan jego lokacin da na haife ki."

Kun ji inda muka tsaya. Kawu bai bar gida ba, bai bar ɗa namiji ba, rumfarsa ko alamarta babu. Abin da ya bari gwangwani ne da sabulu da haƙurin jira minti biyu, kuma shi ɗin ma kunya ta hana mu riƙewa. Kowa na cewa Allah ya jiƙan Mamman, mutumin kirki, a shafa fatiha a tashi. Ni wannan yabon ya ishe ni.

Butelin Inna ba ya wuce mako uku. Ina aiki a cikin gari, ba kullum nake can ba, kuma Yaya Sale ba zai ji maganar ƙanwar bayansa da ta buge masa hannu ba. Maganar babba zai ji. Ku dattawan da kuka sha shayi a rumfar Kawu shekara da shekaru, kuka ga yadda yake aiki da idonku, a cikinku wa zai kira Sale ya zaunar da shi kafin butelin nan ya ƙare?