Gwajin Garba ta Waya

Ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, shekarar da cibiyarmu ta koyar da sana'a a Gummi ta koma karatu ta waya. Ni ne shugaban sashen gyaran injin ban ruwa. Da mu uku ne: ni a Gummi, ɗaya a Anka, sai Malam Shehu da ke zagaya ƙauyukan Bukkuyum a babur.

Da tafiya ta zama kasada, sai aka kawo sabon tsari. Malami zai ɗauki darasi a bidiyo ya tura, ranar gwaji kuma ɗalibi ya kira, ya yi aikin, malami yana kallonsa ta waya. Darakta ya tambaye ni ko mutum ɗaya zai iya. Na ce zai iya, na sa hannu. Aka sallami biyun. Malam Shehu ya koma gida Adabka, kunya ta hana ni ko kiransa.

Ranar nan gwajin Garba ne, wani magidanci manomi a Adabka. Ya kira bayan azahar. Sabis ba ƙarfi, hoto ya ƙi tafiya, muka koma murya kawai. Ya wanke kafireto, ya mayar da fulogi, ya ja igiya, inji ya tashi. Na ce ya bar shi yana aiki, na shiga yi masa tambayoyi. Ina jin ruwa yana dukan kwano a wurinsa.

Can sai amsarsa ta fara jinkiri.

"Malam, kaina na sara," in ji shi.

"Garba, ina kake?"

"Cikin shago. Ruwa na shigowa, na ruhe ƙohwa."

Hayaƙin inji a rufaffen ɗaki kisa yake yi. Ban taɓa faɗar haka a bidiyo ba, don a aji kullum waje ake fitar da inji, ba sai an ce komai ba.

"Kashe injin! Buɗe ƙofa ka fita!"

Na ji wani abu ya faɗi. Inji bai tsaya ba. Waya ta katse.

Na kira sau huɗu, shiru. Ko na hau babur a lokacin, ba zan isa kafin magariba ba. Ban da ta Garba, lamba ɗaya nake da ita a garin. Sai a kira na biyu Malam Shehu ya ɗauka.

"Yau ka tuna da ni?"

"Malam Shehu, Garba na cikin shagonsa, inji a kunne, ƙofa a rufe."

Sai kawai na ji ya zuba a guje. Na tsaya a baranda riƙe da waya har aka kira la'asar, na kasa ko yin alwala. Sannan ya kira.

"Mun ɓalle ƙohwa. Yana lumfashi, an tahi da shi asibiti." Sai ya ƙara da cewa, "Wa ya ce shi tada inji ba kowa kusa?"

Na ce, "Ni ne."

Washegari na rubuta rahoto, ban ɓoye sunana ba. Darakta ya karanta ya dube ni. "Ka san kai takardar nan za ta fara ci?" Na ce na sani, ranka ya daɗe. Aka ba ni takardar gargaɗi, tana cikin fayil ɗina har yau.

Garba ya warke. Ba a daina karatu ta waya ba, amma aka sa doka: ba mai tada inji ranar gwaji sai da malami a tsaye. Aka dawo da Malam Shehu, kwana biyu a mako. Na Anka kuwa ya riga ya kama wata sana'a, bai dawo ba.

Ku da kuke sababbin malamai, kada ku ɗauka ina sukar waya. Ta kai darasi inda ba mu isa mu je ba. Amma yawancin abin da tsohon malami yake yi a aji ba a rubuce yake ba, shi kansa bai san yana yi ba. Ranar da aka tambaye ku ko mutum ɗaya zai iya, kada ku yi saurin amsawa kamar ni.