Bindigar da ta Fi Ni Tsawo

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta ranar da na tsaya a daji da bindiga a hannu ba, ga barewa a gabana, amma hannuna ya kasa kaiwa bakin bindigar. Lokacin ina ƙaramin akawu a Kaduna, bayan yaƙin basasa, muna haya a Badarawa, matata na ɗauke da cikinmu na fari.

Cikin ya zo mata da kwaɗayi. Ta tashi wata safiya ta ce naman barewa take so, ta daina cin komai har ta fara ramewa. Surukata da ta zo dubiya sai ta dubi bango ta ce, "A zamaninmu dai maigida ba ya bari a kwana da irin wannan." Ni kuwa na daki ƙirji na ce ranar Lahadi za a ci barewa a gidan nan har a miƙa wa maƙwabta. Ko ƙadangare ban taɓa harbi ba.

Na je wurin wani maƙeri a Kawo ya ƙera mini adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ya jawo bututun ƙarfe ya ce, "Akawu, ina za a yanke?" Nan kaina ya fara juyawa. Ashe bindiga ma ana auna ta kamar wando.

Washegari na koma da mashawarta biyu. Ɗaya maƙwabcina ne, malamin makaranta mutumin kudancin Kaduna, dogo ne har in yana magana sai na ji kamar daga saman bene take zuwa. Ɗayan tsohon soja ne da muke ofis ɗaya. Ni kuma, don ku gane labarin, in na hau keke ƙafata sai dai ta gaida feda daga nesa.

Malam ya ce, "Barewa ba ta bari a matso ta. Dogon bututu shi ke kai harsashi nesa. A garinmu ana tsayar da bindiga a ƙasa, bakinta ya taɓa haɓa."

Soja ya ce, "Ticha, gora za a yi masa ko bindiga? Kafin ya juya ta cikin sarƙaƙiya barewa ta kai Zariya. A yanke ta gajera."

"Kofur, ai shi ya sa kuka daɗe ba ku gama yaƙin ba."

Na dubi wannan na ce gaskiya ne, na dubi wancan na ce haka ne. Suna cikin musu Malam ya tsayar da bututun a jikinsa yana nuna haɓa. Maƙeri ya tambaye ni ko a nan ne, ni kuma ina gyaɗa wa soja kai. Ya zana alama. Da haɓar Malam aka auna bindigata, ba wanda ya lura.

Ranar Lahadi Malam ya tafi coci, soja ya ce ya gama da daji har abada. Na hau turmin matata na ɗura bindiga a tsakar gida, ina ce wa kaina ai harbi ɗaya ya isa. Na nufi dajin bayan Kawo, bindiga na share ganyen bishiyoyi.

Allah da ikonsa, hantsi bai yi ba na ga barewa. Na ɗaga bindiga, bakinta na rawa kamar yana zaɓen wanda zai gaisar. Na ja kunama. Da hayaƙi ya washe na tsinci kaina a zaune, na kashe reshen wata ɗorawa. Barewa ta ɗan yi tsalle ta tsaya tana kallona.

Sai a sake ɗuri. Na tsayar da bindiga, bakinta can sama da hulata. Na yi ɗage, ban kai ba. Na kwantar da ita, albarushi ya ƙi gangarawa. Na karkata ta, gindinta ya zame. Na rasa abin yi, na hango suri na haye. Ina cikin zuba albarushi surin ya rufta da ni, gara ta cika mini wando. Har yau ina da yaƙinin barewar nan dariya ta yi kafin ta tafi, kuma a hankali ta tafi.

Na dawo gida ina shirya bayani. Matata ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Maigida, gara da ba ka kawo ba. Tun safe ko sunan nama aka ambata zuciyata tashi take. Ɗanyen mangwaro nake so, ga shi can a ƙololuwar bishiyar tsakar gida."

Na zubar da sauran albarushin, na ɗaga bindiga kamar gora na zungura sau ɗaya, mangwaro ya zubo. Ta zauna ta cinye da gishiri, abin da ya fara zama a cikinta ke nan a makon. Surukata ta sake duban bango ta ce, "To, an dai yi farauta."

Tun daga ranar na koyi abu ɗaya. Duk mai ba ka shawara da jikinsa yake aunawa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ka saurare shi da kyau, amma kafin a yanke ƙarfe, ka tashi tsaye a auna da taka haɓar.