Iskar Da Na Rantse Ba Ta Cutarwa

Shekarun baya, lokacin ina shugaban ma'aikatan safe a wani kamfanin lemon kwalba a Challawa, na yi wa wani dattijo ƙazafi. Zan faɗa muku yadda abin ya faru daki-daki.

Akwai wani ɗan ɗaki a ƙasa, sai an sauka matakala huɗu, inda muke ajiye tukwanen gas ɗin da ke sa lemo kumfa, wato kabon dayoksaid. Dattijon, mutumin Jigawa, shi ke kula da su, kuma shi ke jan mu sallar azahar. Ni mutum ne mai son tsari. Da na ga ɓeraye na shigowa ta tagar iska ta ƙasa, sai na sa aka toshe ta da katako. Fankar ɗakin ma na ce a kashe, ƙararta ta yi yawa.

Ba a yi sati biyu ba na fara samunsa yana gyangyaɗi a kan tabarmarsa. Ya ce, "Oga, kaina ke sarawa, ga tarin nan ya ƙi tafiya. Anya ba iskar nan ba ce?"

Na ce, "Malam, iskar da yara ke sha a kwalba? Wadda ni da ku muke fitarwa ta hanci? Ba ruwanta da kowa."

Rana ta uku da na same shi haka, na ce a gaban ma'aikata, "Ko dai maganin tarin nan na 'yan zamani kuke kurɓa?" Wasu suka yi dariya. Na rubuta takarda aka dakatar da shi, daga ranar kuma wani ya riƙa jan salla.

Wanda na tura madadinsa, ƙato majiyi ƙarfi, kwana biyu ya yi aka fito da shi ranga-ranga. Ashe wani bututu ne ke yoyo. Ni na raka shi asibiti, kuma da bakina na maimaita wa likitar karatuna, cewa iskar ba ruwanta da kowa.

Ta dube ni ta ce, "Malam, iskar nan nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya. Ku a tsaye kuke leƙawa, su a zaune suke yini. Idan ta yi yawa tana kawo ciwon kai da barci, har ta kashe. Kuma ko a cikin jiki ba zaman 'yar kallo take ba. Jiki na ƙera wasu sinadarai masu ƙuna don yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan ta haɗu da su sai ta sauya musu hali, su zama wani abu dabam, har abin da suke kai wa hari ya canja. Ana kan bincike, amma kada ku sake cewa ba ruwanta."

Na tuna dattijo da tarinsa.

Washegari na sa aka cire katakon, aka gyara bututu, sannan na hau Keke Napep zuwa ɗakin da yake haya a Kumbotso. Na durƙusa na ba shi haƙuri.

Ya ce, "Na yafe, Oga. Amma ba a ɗakin nan ka faɗa ba."

Na gane. Da safe na tara ma'aikata na ce ƙarya na yi masa, laifin nawa ne. An mayar da shi aiki a satin.

Abin da na koya shi ne, idan na ƙasa da kai ya ce wuri na cutar da shi, ka je ka zauna inda yake zama kafin ka buɗe baki. Amma ba a gyara komai da komai ba. Har ya yi ritaya bai sake shiga gaba ya ja mu salla ba. Duk azahar sai in gan shi a sahu na biyu, ni kuma in rasa inda zan sa idona.