Yadda Na Sauya Ƙarshen Littafi na Uku

Karatuna bai wuce firamare ba, kuma har yau in zan karanta takarda sai na aza yatsa a kan layi ina binsa, in ba haka ba sai in ɓace. Amma a layin da nake ɗinki a Gwarzo, a shekarun nan da kuɗi ya yi wuya, ni ne mai iya karanta boko da ƙarfi ba tare da in'ina ba. Wannan abu ya shiga kaina fiye da kima. Laifina zan faɗa a nan, na daɗe ina son in rubuta shi.

Lokacin da aka kawo Shari'a, gidan kallon bidiyo na layinmu ya rufe, mai shi ya koma sayar da taki. Mutane suka rasa wurin zama bayan la'asar. Ni kuwa ina da ƙanwa da ke aure a Kabo, tana ba matan unguwa hayar littattafan Hausa daga wani tsohon akwatin ƙarfe. Matan sun fi son na soyayya. Littattafan bincike kuwa, masu kisan kai da 'yan fashi da 'yan sanda, suna kwance a ƙasan akwatin ba mai taɓa su. Ta ce in riƙa ɗauka ina dawowa da su. Takarda ta yi tsada a lokacin, saboda haka littattafan sirara ne, labari ɗaya sai an raba shi gida uku.

Haka muka fara. Da an idar da la'asar sai in rufe keken ɗinki, a shimfiɗa tabarma a ƙofar shagona, mai shayi ya matso da bencinsa, in buɗe littafi. Kai, mun ji daɗin kwanakin nan! Sai ka ga magidanci da furfura ya miƙe tsaye yana cewa, "Kada ka shiga ɗakin nan! Kada ka shiga!" kamar ɗan sandan cikin littafi yana jinsa.

Amma ba ni nake ɗaukar hankalin majalisa ba. Akwai wani mai gyaran keke a tsallaken titi, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ina ce masa Yaya. Bai san ko harafi ɗaya na boko ba, allo kawai ya yi. Yakan zo hannunsa duk baƙin mai, ya zauna gefena yana tauna goro. Kafin in raba littafi biyu sai ya ɗaga hannu.

"Tela, dakata. Wannan mutumin bai mutu ba."

"Yaya, an ce motarsa ta ƙone ƙurmus."

"An yi masa wanka? An sa masa likkafani a gabanmu? To duk wanda mai littafi bai kai shi kabari ba, yana nan tafe. Ci gaba."

Kuma sai ya dawo ɗin! Majalisa ta kaure da ihu. Yana da ƙa'idodinsa da ya tsinta da kunne kawai. Wanda aka fara kamawa a littafi na ɗaya ba shi ne mai laifi ba, don da shi ne, da me za a cika na biyu da na uku? Abin da aka ambata sau biyu, ko makulli ne ko tabon hannu, ba a banza aka ambace shi ba. Mai zare ido da ɗaga murya ba abin tsoro ba ne, a sa ido kan mai yawan murmushi da ke kawo ruwa. Yakan ce aikinsa ne ya koya masa, wai keke ba ya yin ƙara a inda ciwon yake. Mai shayi ya laƙaba masa Sufeto, sunan ya bi shi har kasuwa.

Ni kuma fa? Ni nake zuwa Kabo, ni maƙogwarona ke bushewa, amma in an tashi sai ka ji ana, "Sufeto, Allah ya ƙara basira!" Ina dariya tare da kowa, alhali hassada nake yi masa.

Sai muka samu wani labari da ya fi duk na baya. Wani attajiri mai fataucin fata ya ɓace da jakar takardunsa, aka sa wani jami'in 'yan sanda ya binciko. Jami'in yana da wani saje amininsa, mai tuƙa shi, mai kawo masa goro, mai barkwanci. Akwai kuma ƙanen attajirin, mugun mutum mai cin bashin caca da zagin mutane. A tsakiyar littafi na biyu Yaya ya dafa gwiwata.

"Maimaita wurin nan."

Na mayar da yatsana baya na sake karantawa. Sajen ne yake cewa Allah ya sa a ga jan jakar nan.

"Wa ya gaya masa ja ce?" in ji Yaya. "Tun farko jaka kawai ake cewa. Jama'a, ga ɓarawonku nan a gaban mota."

Na yi tsalle na ce, "Haba Yaya! Sajen da ya ceci ran jami'in a bakin gada? Ƙanen nan ne, ko makaho ya gani!"

"Shi ya sa ba shi ba ne, don makaho ya gani."

Aka kwashe da dariya, ni aka yi wa. Mai shayi ya ce, "Sufeto, in kuma ka faɗi fa?"

Yaya ya tofar da goro ya ce, "In ba sajen nan ba ne, na yi alkawari ba zan ƙara buɗe baki a kan littafi ba. Ku shaida."

Ranar da na karɓo na uku, ban iya haƙuri ba. A cikin mota, tun ba mu bar Kabo ba, na buɗe shafukan ƙarshe. Sajen ne. Har maganar jan jakar jami'in ya tuna masa yana sa masa ankwa. Na rufe littafin. Kafin mu iso Gwarzo na gama tsara abin da zan yi. Ba zan ɗora wa Shaiɗan shi kaɗai ba, ni ma na taya shi aiki. Na san ba mai karɓar littafin ya duba, kuma bayan kwana biyu zai koma akwati.

Ranar ƙarshe mutane sun cika har bakin titi. Na karanta gaskiya har saura shafi uku, na ma sanar da jama'a haka. Daga nan na fara zuba nawa. Na sa ƙanen ya fito da bindiga daga bayan buhunan fata, na sa sajen ya tare harsashi da ƙirjinsa ya mutu yana salati a hannun amininsa. Wallahi na iya ƙaryar, har wani dattijo ya share hawaye. Majalisa ta fashe. "Yau Sufeto ya faɗi! Tela ya kayar da Sufeto!" Mai shayi ya ba ni shayi da madara kyauta.

Yaya ya juyo. Ya dube ni, ya dubi littafin, ya goge hannunsa da tsumma. Sai ya ce, "To. Alkawari na yi."

Na ɗauka zai daina zuwa. Da ya daina ma da ya fi mini sauƙi. Kullum yana nan gefena, yana tauna goro, shiru. Muka fara sabon labari na wani kisa da aka yi a otal. Sai a zo wurin da aka ambaci wata wuƙa karo na biyu, kowa ya juya ya dube shi, shi kuma ya dubi ƙasa. Na gwada yin hasashen da kaina, ba wanda ya tanka. Ashe rabin daɗin littafin gardamar da ake yi da shi ce. Mutane suka fara raguwa. Mai shayi ya mayar da bencinsa inda yake da. A kasuwa kuma na ji matasa suna ce masa, "Sufeto mai ritaya, ina sajenka?" Ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaure sarƙar keke.

Da na sake komawa Kabo, ƙanwata ta kawo mini ruwa, muka gaisa, sai ta ce, "Mutumin nan naku da kake ba ni labari, ya gano sajen kuwa? Ni sai da na jefar da littafin don mamaki."

Na sunkuyar da kai na gaya mata komai. Ta riƙe baki ta ce, "Kai da ka koya mini karatu?" Ta buɗe akwati ta miƙo mini na ukun.

Ban biya ta gida ba, kai tsaye na wuce rumfarsa. Yana tsugune yana neman hujin tayar keke a cikin kwanon ruwa. Na yi sallama, muka gaisa, na tsuguna.

"Yaya, na zo neman gafara. Sajen ne. Ni na sauya ƙarshen."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Yatsanka. Shekara guda ina zaune gefenka, bai taɓa tsayawa ba in bakinka na tafiya. Ranar nan ya kafe a wuri ɗaya, kai kuwa har ka kashe mutum. Kuma shafi uku ka ce ya rage, ɗaya ka juya."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "To me ya hana ka tona ni a gaban jama'a?"

"In ce me? Wanda bai iya karatu ba ya ƙaryata mai littafi a hannu? Sai a ce zafin kaye ne." Ya ɗago yana dariya. "Abin da ya ba ni haushi, ni da nake cewa a sa ido kan na kusa, ban taɓa sa ido a kanka ba. A nan kam ka kayar da ni, Tela."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma alkawarinsa a gaban mutane ya yi shi, a gabansu za a kwance.

Bayan la'asar na bi layi ina kiran mutane da kaina. Na tsaya a gabansu na faɗi abin da na yi. Mai shayi ya ce, "Amma kai an yi mugun tela! Maido mini da madarata!" Aka yi ta dariya ana zagina, na kuwa cancanta. Sannan na zauna na karanta shafukan ukun, yatsana a kan kowane layi. Da jami'in ya ce wa sajen, wa ya gaya maka ja ce, wurin ya ɗinke da kabbara da tafi, wani ya ɗaga hannun Yaya sama da baƙin mansa da komai.

Washegari muka koma sabon labarin daga inda muka tsaya. Ban gama shafi biyu ba ya dafa gwiwata.

"Tela, dakata. Kwana goma sha ɗaya ina riƙe da maganar wuƙar nan a bakina. Matar mai otal ɗin ce."