Badukun Da Ya Kai Akushi Bakin Ƙofa

Kafin takarkarai su fara jan igiya a babbar rijiyar Dakoro, Tanimu Baduku ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin aduwar da ke gabas da ita. Yakan jera basilla da wuƙa da ƙullin kitse, ya jiƙa guntayen fata a kasko, ya jira. Makiyaya su kawo wasakin ɗiban ruwa da ya yage, mata su kawo salkar da ke yoyo. Yana ɗinki yana wata ƴar waƙa a maƙogwaro, wadda na daɗe ina kasa kunne ban gane farkonta ba. A cikin jakarsa akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya yi masa riga da jar fata. Idan rana ta take, dabbobi sun sha sun kwanta, sai masu tambaya su matso, ya goge hannu a gwiwa ya ciro shi.

Haka yake yi tun shekarar da Nasara suka kafa bariki a garin nan, lokacin da ya zo daga Gobir da matarsa Lami da jaki ɗaya. Bana yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin kafar basilla balle baƙaƙen Littafi, kuma da an gama girbi ɗiyarsa za ta tafi da shi Ɗan Gulbi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, da ɗan bokon da na tsinta a soja, don ƴan'uwa masu bi na wasu garuruwa su san wane ne muke sallama.

Mu masu bin Yesu a Dakoro ba mu da yawa. Ɗakin sujadarmu na laka ne, ƙofa ɗaya, in kaza ta shigo sai an matsa mata. Fasto yana zuwa daga Maradi jefi-jefi, in ya sami wuri a kamyon, babbar motar ƴan kasuwa. Tsakanin zuwa da zuwa, duk abin da ya shige mana duhu, gindin aduwa muke kai shi. Tanimu ba shi da albashi, ba shi da sarauta. In ya san amsa ya faɗa. In bai sani ba ya ce, "Ban sani ba tukuna, ka bar mini ita ta jiƙa." Fata da tambaya duk magani ɗaya yake yi musu.

Mu mutanen dabbobi ne, don haka zancen hadaya ya fi damunmu. Duk babbar salla maƙwabcinsa Sha'ibu, Musulmin kirki, yakan aiko masa da naman layya. Tanimu ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ci, salkunan gidan Sha'ibu kuma ba sa yoyo shekara ta zagayo. Wata rana muka tambaye shi me ya sa mutanen dā na cikin Littafi suke ta yanka, mu kuma an ce mana an gama. Sai ya ɗaga tsohuwar salkar da ke cinyarsa, duk jikinta maho.

"Wannan bara na yi mata maho," in ji shi, "bana ga ta ta dawo, baɗi ma tana tahe. Mahon yana riƙe ruwa, ba ƙarya ba ne, amma kullum sai an sake. Hadayun dā haka suke. Ranar da mai gida ya ba ka sabuwar salka, mi za ka zo nema wajena?"

Akwai kuma, a cikin Littafi, labarin bunsurun nan da babban firist yake ɗora wa laifin jama'a, a kai shi jeji a saki. Ni wannan bunsuru ya daɗe yana yawo a kaina. Nakan tsaya a bayan gari in ga wani ɗan akuya shi kaɗai a kan tudu, in ce ko irinsa ne. Amma Agali, wani makiyayi daga cikinmu, shi ya fito da maganar fili.

"Malam, in na tsinci bunsurun nan a dajin Bader Gula, ba shaida a kunne, in kama ko in bari?"

"Kai dai Agali, ko bunsurun zunubi ba za ka bari ya wuce ka ba!"

"To ai dukiya ce. In na yanka na ci, laihin wa na ci?"

Tanimu ya yi dariya har ya soki yatsa. Ya ce Littafi bai bi bunsurun jeji ba, abin da ake so jama'a su gani shi ne bayansa yana nisa, laifinsu na tafiya ba dawowa. Agali ya girgiza kai. "Ba ka san bunsuru ba. In ya ji ƙishirwa, rijiya zai dawo."

"Shi ya sa ba a tsaya ga bunsuru ba," in ji Tanimu. "Aka aiko wanda in ya ɗauka, ya ɗauka ke nan."

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne maganar Inna Azara. Tsohuwa ce Buzuwa, a bauta aka haife ta can arewa, a zangon masu raƙuma. Wata muguwar shekarar fari ta watse zangon, ta biyo ayari ta faɗo Dakoro, tana daka a gidaje ana ba ta abin kai wa baki. Lami ce ta jawo ta sujada. Ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma, ba ta fashin Lahadi. Sai dai kullum a bakin ƙofa take zama, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Duk zuwan fasto, in za a yi Jibin Ubangiji, ita ke gasa wainar geron da muke gutsura, ita ke dafa zoɓon da muke kurɓa. Amma in akushi ya zo kanta sai ta naɗe hannu cikin zane ta kau da kai. In an tashi ta wanke akushi da ƙwarya ta kife.

Shekaru aka yi haka. Wasu suka ce ko wani laifi take ɓoyewa. Wasu kuma, gaskiya ɗaya ce, hakan ya yi musu daɗi, don ba su so bakinsu ya bi bakin baiwa a ƙwarya ɗaya. Har aka fara cewa in ba za ta ci ba, a gaya wa fasto ya san matsayinta a cikin jama'a. Tanimu ya ce a dakata. Bai kira ta ba, bai tare ta a hanya ba. Ya bari har ranar da ta kawo takalminta ɗinki, ina zaune, sannan ya ce:

"Inna, wainar nan taki kowa na yabo. Ke mi ya hana ki ɗanɗana?"

Ta dube shi kamar ya yi wauta. "Kai da bakinka kake cewa jibin ubangiji ne. Yaushe baiwa ta sa hannu a akushin ubangijinta? Ta dahwa, ta kai, ta koma bayan tanti. Ni na san ladabi, ɗan nan."

Sai a ranar muka gane. Kalmar da muke kiran Mai Sama da ita, ita ce kalmar da ta tashi tana kiran mai raƙuman da ya mallake ta. Tanimu ya ce ai an fanshe ta. Ta ce ta sani, ta kuma gode, wannan ubangijin ya fi na dā, ba ya duka. "Amma ka karanta mana da kanka, an saye mu, da tsada ma. Wanda ya biya shi ke da kaya. Ko can sama aka kai ni, a ba ni turmi da taɓarya, ya ishe ni."

Ba da baƙin ciki ta faɗa ba, wannan ne ya fi taɓa ni. Tanimu ya daɗe yana juya takalmin a hannunsa, sannan ya ce, "Ban sani ba tukuna, Inna."

Ya jiƙa wannan tambaya har damina ta faɗi. Lami ta ce tuwo yakan huce a gabansa yana bin dokokin Musa da yatsa. Ran nan ya ce in raka shi bukkar Azara. Muka same ta tana tankaɗe. Bai buɗe Littafi ba, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce shi ne ya zo da tambaya.

"A zangonku, kin taɓa ganin an hanshi bawa?"

Ta ajiye faifai. Ta ce sau ɗaya, tana yarinya. Wata ƙawarta ce da aka kamo daga kudu. Kawunta ya yi ta cigiya rijiya-rijiya har ya same ta, ya zo da taguwa, raƙuma mai ciki, ya ba ubangijinta.

"To ai saye ya yi," in ji Tanimu.

"Kai, Baduku, ka san hwata ba ka san mutane ba! Baƙo ke saye, ya ja ki zangonsa ki ci gaba da daka. Dangi in ya biya, hansa ce. Gida zai kai ki."

"Da suka tashi tahiya fa?"

"Ɗan akuya ya yanka a bakin rijiya. Ya gasa hanta, ya sa mata a baki da hannunsa, muna kallo." Ta kakkaɓe garin hannunta. "Na daɗe ina duban hanyar kudu. Ni ba wanda ya zo."

A nan Tanimu ya gaya mata abin da ya samo. Ya ce a dokar dā ma haka Allah ya tsara, in talauci ya kai mutum bauta, an ba ɗan'uwansa na jini ikon ya je ya fanso shi. Ya ce shi ya sa Almasihu bai aiko da fansa daga nesa ba, sai da ya zo aka haife shi, ya sha nono, ya ji ƙishirwa, ya zama danginmu tukuna. Ba taguwa ya kawo ba, kansa ya bayar. Tsada kam an biya, amma ɗan'uwa ne ya biya.

"Ya zo, Inna," in ji shi. "Wainar nan da kike gasawa, hantar bakin rijiya ce."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tankaɗe, muka yi sallama.

Da kaka fasto ya zo. Aka yi addu'a a kan waina da zoɓo, aka miƙa wa Tanimu akushi ya raba, kamar yadda aka saba, daga gaba zuwa baya. Sai ya tsallake mu duka. Ya bi ta tsakanin gwiwoyinmu har bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa kusa da Azara. Dole kowa ya juya don ya ga abin da ake ciki, sai ga shi duk ɗakin muna fuskantar ƙofa, wadda ke baya ta zama ta gaba. Fasto ya gyara tsayuwa ya jira.

"Tanimu, za ka sa a zage ni," ta ce a hankali.

"Wanda zai zage ki ya jira, bayanki zai ci."

Ya gutsura ya miƙa. Hannun nan ya fito daga cikin zane. Ta karɓa, ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa, hawaye na bin kumatunta. Ba ka jin komai sai kukan kurciya a waje. Can sai ta ɗago ta dube mu.

"Ashe shekara da shekaru waina ba gishiri nake ba ku, ba wanda ya hwaɗa mini?"

Fasto ne ya fara dariya. Ta kurɓi zoɓo, ƙwarya ta zagaya daga bakinta zuwa namu, ban ga wanda ya kau da kai ba. Yau Inna Azara a tsakiyar mata take zama, har tana tsawata wa mai gyangyaɗi.

Kai ne, Tanimu na Lami, basilla mai haɗa abin da ya rabu. Kai ne ba ka taɓa raina tambaya ba, ko ta bunsuru ce. Ba ka ji kunyar cewa ba ka sani ba, ba ka kuma yi barci a kan rashin sanin ba. Da ka yi gaggawa irin tamu, da yanzu tsohuwar nan tana wata bukka ita kaɗai, tana bauta wa wanda ya zo kai ta gida. Ka saurari kalma yadda ta shiga kunnenta, ba yadda ta fita bakinka ba. Mun gode. Masu salka sun gode, Sha'ibu ya ce in sa sunansa cikin masu godiya, Agali ya ce akuyar tatsa na jiranka ranar tafiya, mai shaida a kunne. Allah ya sa mutanen Ɗan Gulbi su san abin da aka kawo musu. Ido ya tafi, amma abin da ka karanta yana ciki, kunne kuma lafiya lau.

Ku kuma ƴan'uwa na Maradi da Birnin Lalle da duk inda takardar nan ta kai, ba sai kun iya ɗinki ba. In an kawo muku tambaya, kada ku yi saurin rufe ta. Ranar Lahadi mai zuwa, kafin a fara waƙa, ku waiwaya ku ga wa ke zaune a bakin ƙofarku. Ku je ku tambaye shi dalili, ku zauna a ƙasa ku ji amsa.