Ranar da Liman Ya Zo Ajin Tarihi

Cikin shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Laraba a makarantar 'yan mata da ke Gwale. Lokacin ina sabuwar malamar tarihi, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba. Wanda ke wannan matsayi, takardar tuhuma ɗaya ta isa a sallame shi.

Mun zo darasin yaƙin Salibiyya, wato yaƙe-yaƙen da mayaƙan Turai suka yi don karɓe Ƙudus. Ni da rawar kai, sai na ce wasan kwaikwayo za mu yi: Musulmin garin, Kiristocinsa da Yahudawansa, kowa ya faɗi abin da ya same shi. Duk ajin suka ce su Musulmi za su fito. Na yanka takardu aka yi ƙuri'a, ban tsaya tambayar 'yar wane ce wace ba. Bayahudiya ta faɗa kan Nafisa, ashe 'yar limamin unguwa ce.

Washegari shugabar makaranta ta aiko a kira ni. Ina shiga ofis na ga dattijo da rawani. Liman ne, mahaifin Nafisa.

"Malama, ke kika mai da 'yata Bayahudiya?"

"Allah gafarta Malam, ƙuri'a ce."

"To, jiya ta hana mu cin tuwo. Ta ce da aka ci garin an kashe Musulmi, an kashe Yahudawa a wurin ibadarsu, su ma Kiristocin garin ba su ji daɗin baƙin ba. Haka ne?"

Na ce haka littattafai suka nuna. Shugaba tana ta hararata, sai Liman ya ce:

"Na daɗe ina ba da labarin yaƙin nan, amma sarakuna da dakaru kawai nake ambata. Ƙorafina ɗaya ne. Magana biyu kacal kika ba ta a wasan, alhali Bayahudiyar nan 'ya'yanta aka kashe. Ki ƙara mata."

Na ƙara mata har shafi guda. Ranar wasan ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa sun tokare tebur, ya fi kowa tafi.

Ku da kuka fara aikin koyarwa yanzu, kada ku yanke wa iyaye hukunci tun daga bakin ƙofa. Ni na shiga ofis ɗin nan ina shirin ba da haƙuri a kan gaskiya, sai ga shi wanda nake tsoro ne ya ce ban faɗe ta da yawa ba.