Murhun da Aka Nuna wa Maza

Baraka 'yar Tozai ce, amma aure ya kawo ta Illela, nan ta tsufa. Tun rasuwar mijinta, itace ne abincinta. Ta shiga daji ta saro, ta ɗoro a ka, ta kai wa masu tuwo a bakin tasha. Da shi take riƙe da jikoki biyu.

Bayan farin shekarar tamanin da huɗu daji ya yi nisa. Inda a da take zuwa ta dawo da hantsi, yanzu sai azahar ta iske ta a hanya. Ana cikin haka gwamnati ta hana saran ɗanyen itace, wai hamada na matsowa. Ma'aikata suka zo daga Sakkwato da dashen dogonyaro, da wani sabon murhun laka da ba ya cin makamashi da yawa. Aka yi shela magidanta su taru.

Baraka ta yafa gyale ta je. Wani ma'aikaci ya tare ta cikin ladabi.

"Inna, ina maigidan?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙan shi. To ki turo wani namiji."

"Ɗana, ni ka sara, ni ka dahuwa. Mi namiji za ya ji min?"

"Haka anka tsara daga sama, Inna. Ki yi haƙuri."

Ta koma ta roƙi Maccido, ƙanin mijinta, ya je. Da la'asar ya dawo da dashe a kwando. Da ta tambayi murhu, ya sosa ƙeya. Ya ce an dai gina shi a gabansu, kowa ya yaba. Baki biyu ne ko uku, bai riƙe ba. Mutum ne da bai taɓa hura wuta ba.

Ta kwaɓa laka ta gina yadda ya iya tunawa. Hayaƙi ya cika ɗaki, laka ta tsage, ta mayar da duwatsunta uku.

Dashen a gonar Maccido aka sa, ita ce mai jan ruwa a rijiya tana ba su. Wata rana malamin daji ya karɓe mata gatari. Ba ta bi sawu ba. Ta koma tsintar kara da busasshen kashin shanu, masu tuwo na saye suna ƙorafi.

Da gwiwoyinta suka gaza, sai ta zauna ƙofar gida da faranti tana sayar da gyaɗa. In mata suka wuce da kayan itace a ka, takan tambaye su daga ina suka samo. Kowace shekara wani wuri suke faɗa, gaba da na bara.